Tambayar da Majo Hamani Ya Yi wa Labo Mai Rijiya

Labo taubashina ne. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, saboda haka tun muna yara a Dogarawa nake kiransa bawana, shi kuma bai taɓa rasa abin mayar mini ba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kuma gajartar nan ce ta ba shi abinci. Shi da wansa Dogo sun gaji ginan rijiya daga mahaifinsu, amma Dogo ya amsa sunansa, ƙasan rijiya ba ya ɗaukarsa sai ya naɗe kamar tabarma. Sai ya zama Labo ne mai sauka inda ya fi zurfi da ƙunci. Ni kuwa, Ƙasimu, aikina riƙe igiya a sama. Ban taɓa shiga rijiya ba, kuma ban taɓa jin kunyar faɗin haka ba.

Wanda bai san aikin ba zai ɗauka ƙarfin hannu ake nema wurin mai igiya. A'a, baki ake nema. A ƙasan rijiya mai zurfi iska takan ɓaci ba wari ba alama, mutum yana cikin sara sai ya ji barci, ya zauna ya ɗan huta, shi ke nan. Don haka ƙa'idar gidansu ita ce na ƙasa ba ya yin shiru, na sama kuma ba ya barinsa ya yi shiru. Wasu waƙa suke yi, wasu salati. Mu zagi muke yi.

Sai in leƙa in ce, "Kai bawa, ruwa kaka biɗa ko gidan surukanka?"

Sai murya ta taso daga duhu, "Ja kwando, raggo! Kai da ko tulu ba ka iya leƙawa!"

In dai zagin yana tasowa, to bawana yana numfashi. Haka muka yi shekaru, daga ƙauyukan Bazaga har gefen Illela. Duk inda ka sha ruwa mai daɗi a wannan yanki, in ka tambaya, da wuya ka rasa hannun Labo a ciki. Da wannan sana'a ya auri Tsahara, mace mai fara'a wadda har yau ban gane abin da ta gani a jikinsa ba, suka haifi 'yan mata.

Abin ya juye ne a wani ƙauye kusa da Bazaga. Wurin rairayi ne, kuma ranar Labo ya tashi da zazzaɓi, sai Dogo ya ce shi zai sauka. Da hantsi gefen rijiyar ya zabtaro. Ba ƙara ba komai, ƙura kawai ta taso, waƙar Dogo ta yanke. Labo ya ɗaura igiya da zazzaɓin nasa ya sauka, ya yi ta yaye rairayi da hannu, muna ja, wani yana sake zubowa. Sai bayan la'asar ya kai gare shi. A tsaye ya same shi, da dundurusunsa na sarar ƙasa a hannu.

Daga wannan rana Labo ya bar ginan rijiya. Ya ce wa mutane bayansa ne ke ciwo, aka yarda. Amma ni na ga abin da ba ciwon baya ba. Tuwo ya daina shiga. In na tsokane shi sai ya dube ni kamar daga nesa nake magana. In za mu gona sai ya yi doguwar kewaya don kada ya bi ta bakin rijiyar gari. Na sha tambayarsa, amsa ɗaya ce: lafiya lau. Ban kuma matsa ba, don na san abin da yake tsoro, ni ma shi nake tsoro. A wurinmu in aka ce kan mutum ya taɓu, to mari ne da turu a bayan gidan wani malami, yara suna leƙe ta danga. Ba a ƙara karɓar shaidarsa, masu neman 'ya'yansa kuma su janye jiki ɗaya bayan ɗaya.

Ana nan sai fari ya zo, a shekarar da 'yan ƙetaren iyaka suka canja kuɗinsu zuwa naira. Gero ya ƙone yana tsaye, awaki suka ƙare. A cikin wannan hali Tsahara ta fara tari. Aka sha sassaƙe, aka sha rubutu, tari bai tsaya ba, har ran da ta tofa jini a gaban 'ya'yanta. Muka ɗora ta a amalanken jaki sai likitar Konni, wato asibiti. Aka duba aka ce tarin huka ne, yana warkewa, amma sai da allura da ƙwaya na watanni masu yawa, kuma in aka fara aka yanke a tsakiya, gara ma ba a fara ba. Mutumin da rumbunsa ke fayau ba shi da hanyar wannan magani.

Sai muka ji labarin wani kamfani da ke gina hanya ta wajen Illela. Wanda suka ɗauka aiki sosai, ba ɗan kwana-kwana ba, sukan ba shi kati, kuma da katin nan matarsa da 'ya'yansa za su sami magani muddin yana kan aikin. Sai dai kafin kati akwai abin da suke kira bizit, wato likitansu ya duba mutum ya ce lafiyayye ne. Tunda aiki ne na manyan injuna da nakiyar fasa dutse, ba jiki kaɗai ake dubawa ba, har da kai. Muka tafi Konni tare wurin bizit ɗin, don ni ma gidana ba abin da ake dakawa.

A layi kowa malami ne. Wannan ya ce kada ka yi tari, wancan ya ce kada ka kalli ƙasa, wani tsoho ya ce duk abin da aka tambaye ka, ka ce lafiya lau, ko da hanjinka yana hannunka. Labo kuwa gumi kawai yake yi, alhali muna cikin inuwa.

Mai dubawar wani dattijo ne Bazabarme, babban malamin asibiti, ana kiransa Majo Hamani, ya daɗe a ƙasar Konni har Hausarsa ta fi tawa. Bibbiyu ake shigar da mu, ɗaya a gaban teburinsa, ɗaya a kan benci bayan labule yana jira ba riga. Labo ne a gaba, ni a bayan labule, don haka babu abin da ya wuce kunnena. Ya ƙwanƙwasa ƙirjinsa, ya leƙa idonsa, sannan na ji kujera ta yi ƙara, ya zauna.

Ya ce, "Kana barci da kyau?"

Labo ya ce, "Lahiya lau."

"Kana jin wata murya wadda mutane ba su ji?"

"A'a."

"Kana tunanin mutuwa?"

Na jira in ji lafiya lau, ba ta zo ba.

Labo ya ce, "Kullum."

Majo ya ɗan yi dariya ya ce, "Kowane Musulmi shina tuna mutuwa, malam. Ba ita nika nuhi ba."

"Ni ma ba ita nika nuhi ba, Majo. Tawa kirana taka yi. In na ga bakin rijiya sai in ji wurina shina can ƙasa. Ni ya kamata rairayi shi ruhe, ba wana ba. Ran nan ni ad da shiga."

Wallahi na ji kamar in yaye labulen in toshe masa baki. Shekara da shekaru ina tambayarsa bai gaya mini ba, sai yau, a ɗaki ɗaya tak da bai kamata ya faɗa ba, ya buɗe cikinsa ga baƙo.

Na ji Majo ya ajiye alƙalami. Ya tambaye shi abin da ya kawo shi neman aikin, Labo ya gaya masa zancen Tsahara. Da Majo ya sake buɗe baki, muryarsa ta yi ƙasa.

"Saurara, Labo. Abin da ad damunka ciwo na, kuma akwai masu maganinai a Yamai. In na rubuta abin da kac ce, zan iya aika ka wurinsu. Amma in na rubuta, babu aiki, babu kati. Ba ni iya ba ka duka biyun."

Labo ya ce, "In mai kati ya mutu hwa? Matatai tana ci gaba da samun allura?"

"A'a. Ran da kam mutu, kati ya mutu. Ka riƙe wannan da kyau." Sai ya gyara murya ya ce, "Na tsuhwa, kunnena ba shi ji sosai. Bari in sake tambaya. Kana tunanin mutuwa?"

Na ji numfashin Labo daga inda nake zaune. Can ya ce, "A'a, Majo. Lahiya lau."

Alƙalami ya yi aikinsa. Da layi ya zo kaina, Majo bai ko ƙwanƙwasa ƙirjina da kirki ba. Ya tambaye ni ko mun san juna da wanda ya fita, na ce taubashina ne. Ya ce na ji abin da aka faɗa? Na ce ban ji komai ba. Ya dube ni ta saman gilashinsa ya ce, "Ka jiya. Kada ka bar shi shi ɗaya."

Aka ba mu kati. Tsahara ta fara allura, kuma cikin ikon Allah jinin ya tsaya, ta fara neman abinci. Mu kuma muna fasa dutse muna loda wa mota, aiki mai karya baya, amma a bisa ƙasa yake, a fili, ƙarƙashin rana. Har na fara cewa mun tsira.

Fari bai bar mu ba. Aikin hanya yana shan ruwa fiye da garke, kuma tafkin da motar kamfani ke ɗiba ya ƙafe. Shugaban leburori, wani Halilu, mutumin yankinmu ne, ya sha ruwan rijiyar Labo tun yana yaro. Ya zo da fara'arsa, yana ganin alheri yake yi, ya ce ya gaya wa manya akwai gwanin rijiya a cikinmu, gobe za a fara gina a gefen zango. Labo ya ce bayansa na ciwo. Halilu ya ce mai ɗaukar dutse yini guda ba zai ce baya ba, amma in da gaske ne sai a mayar da shi bizit a sake dubawa. Ka ga an rufe ƙofa ke nan. In ya ƙi, kora. In ya ce ba shi da lafiya, tambayar nan tana jiransa. Tsahara kuwa ko rabin allurarta ba ta kai ba.

Washegari na ɗaura masa igiya a ƙugu da hannuna. Jikinsa ya yi sanyi kamar randa. Na ce wa Halilu babu mai riƙe masa igiya sai ni, haka muka saba.

Farkon ginin da sauƙi, ina ganin tsakiyar kansa. Da rami ya yi nisa, duhu ya haɗiye shi, sai murya ta rage tsakanina da shi. Na dinga zuba zagi, tsoho da sabo, na zagi gajartarsa, na zagi hancinsa, na tono abin da ya yi tun muna kiwon awaki. Leburori suna ta dariya, suna cewa ba su taɓa ganin taubasai irinmu ba. Ba su san dalilin zagin ba. Amsarsa kuwa ta koma "uhm" da "na jiya", amma ko wannan na gode wa Allah.

Wata rana da azahar, rami ya kusa kai ga danshi, na ce, "Bawa, ko ka samu gado can ƙasa?" Ba amsa. Na sake. Ba amsa, kuma ƙarar sara ta tsaya. Wani lebura ya yi ihu iska ta ɓaci, a ja. Muka ja, sai igiya ta taho ba nauyi. Da bakinta ya iso hannuna na ga ba tsinkewa ta yi ba, ba kuma zamewa ba. Ƙullin da na yi da safe an kwance shi a tsanake.

Halilu ya taho da gudu yana tambaya. Na dunƙule bakin igiyar a hannuna na ce ba komai, haka muke yi in zai juya babban dutse, su ja baya kada su zubo masa ƙasa. Suka ja baya. Na kwanta rub da ciki, na zura kaina cikin ramin, ni da ko tulu ba na leƙawa. Ban ga komai ba sai baƙi. Gefen ramin kuwa rairayi ne a wasu wurare, ina jin yana ɗan zuba da kansa.

Na bar zagi. Na ce, "Labo. Ɗan gwaggo. Ka yi mini magana."

Can ƙasa, a hankali, ya ce, "Ina jin ka."

"Iska ta?"

"Iska lahiya lau. Ƙasimu, nan akwai sanyi. Babu kowa. Ka bar ni in zamna."

"Har yaushe?"

Na gane ba hutun gajiya yake nufi ba, jira yake ƙasar ta yi abin da ta yi wa Dogo. Na nemi magana mai daɗi a cikin kaina na rasa. Abin da ya zo bakina shi na faɗa, kuma ba mai daɗi ba ne.

Na ce, "Gobe Tsahara za ta Konni. Ta yi wanka, ta hau amalanke, ta sha rana. In ta kai, su ce mata mai kati ya mutu, ta koma gida. Tarin shi dawo. Ɗiyanka su zamna suna kallon ta tana tohin jini. In ka yarda da haka, zamna. Ni ba ni gaya mata, sai dai ta jiya a bakin ƙohwar likita."

Ina jin injin kamfani can nesa, ina jin rairayi yana zuba. Sai na ji wani sauti daga ƙasa wanda ban taɓa ji daga bakinsa ba, ko ranar da muka binne Dogo. Kuka yake yi. Da ya lafa ya ce, "Sako igiya, mugu."

Na saka. Na ji ta yi nauyi, na ji an ja ta alamar a ɗaga. Da ya fito Halilu ya tambaye shi lafiya, ya ce lafiya lau, dutse ne ya ba shi wahala. Bayan kwana kaɗan ruwa ya ɓullo, aka yi ta yaba masa.

Kada ka ɗauka nan abin ya ƙare. Hanya tana gaba, zango yana tashi, kuma duk inda aka sauka sai an nemi sabuwar rijiya. Kowace safiya ni ke ɗaura igiya, in yi ƙullin a bayansa inda hannu ba ya kaiwa da sauƙi, shi kuma ya yi kamar bai lura ba. Watanni muka yi a haka. Tsahara tana ƙiba, ni da mijinta muna ramewa. In mun je gida sai ta yi ta tsokanata wai aikin kamfani bai karɓe ni ba, in yi dariya. Ba ta san komai ba, kuma Labo ya rantsar da ni kada ta sani.

Ranar da likita ya duba ƙirjinta ya ce ta warke, an gama allura, gidan Labo ya cika. Mata suka yi guɗa, aka dafa ɗan wake da aka daɗe ana ɓoyo, 'yan matan suna ta tsalle. Labo yana zaune a ƙofar gida yana amsa barka, fuskarsa a sake, har da murmushi. Kowa ya ce yau Labo ya dawo. Ni kaɗai na kasa haɗiye loma. Abin da nake riƙe shi da shi duk watannin nan allurar Tsahara ce, yau kuma ta ƙare. In ya sake kwance igiya, ban san abin da zan faɗa masa ba.

Da safe bayan na idar da salla na nufi gidansa. Tsahara tana shara. Ta ce ya fita tun ɗazu, ya sa rigarsa ta Juma'a, ya kuma kwashe dundurusu da kwandunansa ya kai wa maƙwabci kyauta. Tana faɗa tana murna, wai ya gaji da wahala.

Ban tsaya sallama ba. Na ruga rijiyar gari, mata suna ɗiba, suka ce ba su gan shi ba. Na ruga tsohuwar rijiyar bayan gari wadda aka daina sha, na leƙa ina kiran sunansa, muryata kawai ta dawo mini. Takalmina ɗaya ya fita ban koma kansa ba. Ina haki na ɓullo bakin hanyar Konni, sai ga shi zaune a gindin gawo, ya haɗa hannu a gwiwa.

Na tsaya a kansa, na rasa ko in mare shi ko in rungume shi. Na ce, "Mi kaka yi nan?"

Ya ce, "Kai nika jira. Na san kana zuwa."

"Ina za ka da rigar Juma'a?"

"Wurin Majo. Shi rubuta abin da nic ce mai, shi aika ni Yamai. Kowa shi hwaɗi abin da za shi hwaɗi, na gaji." Ya ɗaga kai ya dube ni. "Na taso in tahi ni ɗaya, sai nit tuna akwai rijiyoyi bisa hanya. Ban yarda da kaina ba, Ƙasimu. Raka ni."

Na miƙa masa hannu ya kama, na ɗaga shi. Muka kama hanyar Konni, ni da takalmi ɗaya, kuma duk inda muka hango bakin rijiya sai in koma ta wannan gefen, in sa shi a ɗaya gefen, har muka shiga gari.